Monita mai 4K ta maƙale a 30Hz ta cikin dok, a taimaka

Mai Zane, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kwamfuta ku kawo min ɗauki. Zanen gine-gine nake yi da AutoCAD, allon laftof ɗina inci 14 ne, layuka sai su cakuɗe, kullum ina cikin zuƙowa da mayarwa, ga ciwon ido. Shi ne na daure na sayi monita inci 32 mai 4K, ta hannu ce amma fes take, na haɗa da dok na USB-C (ƙaramin akwati mai ramuka da ake jona na'urori da laftof ta cikinsa) a wani shago a PZ, Zariya. Dok ɗin yana da HDMI, DisplayPort, USB uku da ramin wayar intanet. Burina waya ɗaya tak ta shiga laftof, caji da kibod da mawus da monita duka su bi ta nan, don teburin ƙarami ne.

Hoto ya fito a 3840 x 2160, amma mawus jan ƙafa yake yi, in na juya zane sai ya riƙa tsalle. Na shiga Advanced display, 30Hz kawai ya ba ni (wato allon na sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa), babu 60. Wani lokacin ma allon ya yi baƙi ya dawo. Alhamis zan miƙa aiki, mai shagon kuma ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Wayar HDMI ce. Nemi wadda aka rubuta Premium High Speed, ita ke ɗaukar 18Gbps. Rabin wayoyin da ke Sabon Gari kwali ne kawai ke faɗin 4K, ka yanka ciki ka ga zaren tagulla kamar gashi.

Injiniya Tudun Wada:
Malam, ba ka faɗi abin da ya fi komai muhimmanci ba. Wane laftof ne, furosesa ƙarni na nawa? Kusa da ramin USB-C akwai alamar walƙiya (ta Thunderbolt, ramin da ya fi sauri) ko babu? Kafin a san wannan duk wanda ya ce ka sayi waya, kuɗinka zai ƙona.

Mai Zane, Samaru:
Core i5 ne ƙarni na 8, ɓangaren hotonsa Intel UHD 620. Ban ga walƙiya ba. Amma Injiniya, a jikin kwalin dok ɗin an rubuta 4K 60Hz ɓaro-ɓaro, ban saya da ka ba.

Injiniya Tudun Wada:
To an zo wurin. Kwalin bai yi ƙarya ba, sharaɗin ne bai faɗa maka ba. USB-C yana da layuka huɗu masu sauri. Dok irin naka yana ɗebe biyu ya ba USB 3, biyu su rage wa hoto. UHD 620 a DisplayPort 1.2 ya tsaya, kowane layi 5.4Gbps, biyu 10.8, in an cire abin da tsarin aikawa ke ci saura 8.64. Shi kuwa 4K a 60Hz da launi na bit 8 yana neman wajen 12.5. Ba zai shiga ba ko ka sa wayar zinare. Sittin ɗin da ke kwali na masu DisplayPort 1.4 ne, irin laftof na ƙarni na 11 zuwa sama.

Mafita mai araha: wayar USB-C zuwa DisplayPort, kai tsaye daga laftof zuwa monita, ba ta dok ba. Layuka huɗun duka su tafi hoto, 17.28Gbps, 60Hz ya fito. Ka shiga menu na monitar ka tabbatar DisplayPort yana kan 1.2, wasu suna zuwa a 1.1. Sannan ka sa Scale a 125% ko 150%, in ba haka ba rubutu zai yi ƙanana.

Kada ka wahalar da kanka da HDMI na jikin laftof ɗin. A wannan ƙarni yawanci 1.4 ne, shi ma 30Hz zai ba ka.

Maman Ilham:
Ka gwada rufe murfin laftof ɗin ya zama monita kaɗai ke aiki. A Power Options ka zaɓi Do nothing a wurin rufe murfi. Sannan ka sabunta direban Intel da firmware na dok.

Injiniya Tudun Wada:
Hajiya, sabunta direba ba laifi, amma rufe murfi ba zai ƙara komai ba. Allon ciki hanyarsa daban, ba ya bi ta USB-C.

Abu Kwangila:
Ku bar wahalar da bawan Allah, ya sayi dok mai DisplayLink. Hoto ta USB yake turawa, ba ruwansa da ƙarnin furosesa, direba kawai zai sa. Baƙin da allo ke yi kuwa wuta ce. In janareto ya yi ƙasa dok ya tsinke ya sake haɗawa. Wutar da muke samu a layinmu ko fanka ba ta juyawa da kyau, balle. Ka ɗora dok da monita a kan UPS.

Injiniya Tudun Wada:
DisplayLink matse hoton yake yi da furosesa kafin ya tura. Ga mai Word da Excel ya yi. Ga mai juya zane a AutoCAD, i5 ɗin zai yi zafi, jinkirin ya dawo ta wata ƙofa. Maganar UPS na yarda, amma a duba wayar da ke tsakanin dok da laftof tukuna. In ta wuce mita ɗaya ko bakinta yana rawa, ita ce. A duba wat ɗin cajar ma: dok yana cin nasa kafin ya miƙa saura, caja mai 45W ba za ta riƙe duka ba, a nemi 65W zuwa sama.

Mai Zane, Samaru:
Na gode ƙwarai. Amma ramin USB-C ɗaya ne a laftof ɗin. In na ba monita, dok ɗin da na kashe wa kuɗi ya zama na ado ke nan? Ni don waya ɗaya na saye shi.

Injiniya Tudun Wada:
Zaɓi biyu gare ka. Ko monita ta ɗauki USB-C, ka yi caji ta ramin cajar asali in yana da shi, kibod da mawus su shiga USB na gefe. Ko ka bar dok ka sauko 2560 x 1440, wannan yana shiga layi biyu a 60Hz, sai dai layukan zane za su ɗan yi dishi-dishi don ba girman allon na asali ba ne.

Baban Khalifa:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, ya fara canza waya.

Mai Zane, Samaru:
In zan sauko 1440 me ya kai ni sayen 4K? Wani a wajen aikinmu dok ɗinsa iri ɗaya da nawa, 60 yake samu. Gobe zan ari wayarsa in gwada.

Injiniya Tudun Wada:
Ka tambaye shi ƙarnin laftof ɗinsa kafin ka biya kuɗin Keke.