Atili: ya ake fitar da mansa, kuma akwai riba a dashensa?

Ummu Hafsa: Salamu alaikum. Don Allah masana, me ke sa atili ya ƙi nuna idan an zuba masa ruwan zafi? Sannan ya ake fitar da mansa? Shin bishiyar ta cancanci a dasa ta a gona?

Baba Mai Atili: Wa alaikumus salam, 'yata. Matsalar daga zafin ruwan take. Tafasasshen ruwa ƙanƙare naman atili yake yi, kuma in ya ƙanƙare ko an sake jiƙa shi ba zai yi laushi ba. Ruwa mai ɗumi ake so, wanda yatsa zai iya zama a ciki. A wanke 'ya'yan, a zuba a roba, ruwan ya sha kansu, a rufe kamar minti 20 zuwa 30. In kin latsa naman ya saɓule daga ƙwallon, ya yi. A zaɓi waɗanda suka yi baƙi sosai. Masu sauran kore ba sa laushi.

Maman Nanret: Shi kuwa mai, bayan an jiƙa sai a murje naman a tsame ƙwallayen, a kirɓa a turmi, a dama da ruwan ɗumi. Man zai taso sama, a riƙa kwalfe shi da ludayi. Daga nan a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙone. Nan mutane ke kuskure: in ruwa ya rage, man ba ya daɗewa yake yin wari. A zuba a busasshiyar kwalba, a ɓoye daga rana. A Filato, musamman wajen Pankshin, da shi ake cin wake, doya da gwate, kuma ya fi man gyaɗa tsada.

Malamin Gona: Hajiya, dashensa sai mai haƙuri, don yakan ɗauki shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Akwai namiji da mace, namijin fure kawai yake yi, saboda haka kada a dasa guda ɗaya. Ƙwallon tauri gare shi, sai an jiƙa kafin a shuka. Yana son ruwan sama mai yawa, irin na Filato da Kudancin Kaduna. A Katsina ko Sakkwato zai sha wuya. A ba shi fili, don babban itace ne.

Abin da ke min ciwo shi ne ƙaronsa, mai ƙamshin nan da ake turaren wuta da shi. Masu sassaƙe bawon suna zurfafa sara har bishiyar ta ruɓe. Tsaga ƙarama a gefe ɗaya ta isa, a bari ta warke kafin a sake.