Neman shawara: ɗan ƙanwata na son zama mai tsaron gida, an ce masa gajere ne

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni mazaunin Tawa ne, ina da shago a kasuwa. Ɗan ƙanwata yana hannuna tun rasuwar mahaifinsa, shekarunsa 15, kuma ba abin da ke ransa sai tsaron gida. Tun yana ƙarami, in yara sun aje duwatsu biyu a fili, shi ke shiga tsakani. Yanzu ya nace in kai shi Yamai a gwada shi a wata ƙungiya. Amma mai horar da su a unguwa ya ce kada in ɓata kuɗina, wai tsawonsa mita 1.72 ne, gajeren gola ba ya zuwa ko'ina. Ga shi a wasan ƙarshe na gasar hutu wata ƙwallo marar ƙarfi ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, aka ci su ɗaya da nema. Kwana uku bai leƙa ƙofar gida ba, yara na kiransa rariya. Ni ban taɓa buga ƙwallo ba. Don Allah, ta yaya ake gane gola na ƙwarai?

Tsohon Gola, Yamai: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shekara tara na yi a raga kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ranar da za su yi wasa kada ka zauna cikin ƴan kallo, ka je bayan raga ka tsaya. Ka bar kallon ƙwallo, ka kalli ƙafafunsa. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, ba hannun da zai rufe ta, ƙafa ce ke kai mutum wurin. In ƙwallo ta koma gefe, yana gusawa da ƙananan taku ko yana nan a kafe? Lokacin da ɗan gaba zai buga, ƙafafunsa biyu suna ƙasa, jikinsa ya ɗan karkata gaba? Golan da ke yawan shawagi yana burge mutane, amma sau da yawa tsayuwarsa ce ba daidai ba tun farko.

Wadda ta bi ta ƙafafunsa kuwa abu ne na mako biyu. A koya masa sa jikinsa bayan ƙwallo, ya durƙusa da gwiwa ɗaya ta toshe ƙofar. A filin yashi da tsakuwa irin namu dole ne, don ƙwallo na iya canja hanya a gabanka.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana ukun nan. Ka tuna Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, a gasar Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu? Da Mali, saura mintuna kaɗan a tashi, ƙwallo ta kuɓuce wa golanmu Kassaly Daouda, Seydou Keita ya zura. A wasa na gaba, da Kwango ta Kinshasa, Kassaly ɗin ne ya tsare gida aka tashi ba ci, muka samu makinmu na farko a tarihin gasar. Kowane gola sai ya yi irin wannan kuskure. Wanda zai ci abinci da sana'ar shi ne mai dawowa fili da safe.

Ɗan Ader: Ku yi haƙuri, kada mu ɓoye wa Alhaji gaskiya. Mai horarwar bai yi ƙarya duka ba. Dubi manyan gololi: Courtois na Beljiyam ya kai mita biyu, Edouard Mendy na Senegal ya haura 1.90. In aka ɗago ƙwallo daga kusurwa, manyan ƙatti suka yi tsalle, gajere yana shan wahala. Sai dai yaro ɗan 15 bai gama tsawo ba, a dubi dangin ubansa. Kuma Vincent Enyeama na Najeriya bai kai waɗannan tsawo ko kusa ba, amma ya ɗauki kofin Afirka a 2013, ya yi shekaru yana tsare wa Lille gida a Faransa. Gajere sai ya ninka kowa a tsalle da sanin lokacin fita.

Mai Sharhi: Akwai abin da ba a faɗa ba. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansu ya mayar masa da ƙafa da gangan, kuma daga 2025 in ya riƙe ta a hannu fiye da daƙiƙa 8, bugun kusurwa za a ba abokan karawa. Don haka ya iya bugu da dama da hagu. Rana ɗaya a mako ya cire safar hannu ya shiga tsakiyar fili. Sannan ka saurari bakinsa. Shi kaɗai ke ganin fili duka, in ya yi shiru ƴan bayansa makafi ne.

Malama, Yamai: Ni uwa ce, kuma koyarwa nake yi. Yaya, don Allah kada a cire shi daga lakwal. ƙungiya tana sa mutum goma sha ɗaya, gola ɗaya tak ne a ciki, sauran suna benci. Edouard Mendy ɗin da aka ambata ya yi kusan shekara ba shi da ƙungiya, har ya fara neman wani aiki, kafin ya zo ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021. Tsaron gida ba ya son gaggawa. El-Hadary na Masar yana da shekara 45 ya buga kofin duniya a 2018, har ya tare fenariti. In za a kai shi Yamai, a bari sai babban hutu, kuma ya sauka gidan dangi. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗi zai fitar da yaron waje, a guje shi.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Jiya da la'asar na rufe shago na je bayan raga kamar yadda aka ce. Baki kam yana da shi, har muryarsa ta dishe. Gusawar ma yana yi. Amma na lura in an ɗago ƙwallo sama sai ya yi taku ɗaya gaba ya tsaya, bai fita ba bai koma ba, sau biyu ya yi hakan. Mun yi magana da daddare, ya yarda zai ƙarasa shekarar karatu, mu zo Yamai da hutu. Tsohon Gola, wannan tsayuwar ta tsakiya tsoro ne ko rashin koyo? Kuma wane atisaye zai riƙa yi a kai kafin lokacin?