Aquifer da Hausa: tafki ne ko rumbu?

1/ 'Yan uwa masu shirin rediyo da masu wayar da kai kan ruwa a nan Jos, ku zo mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar aquifer, wato shimfiɗar yashi ko dutse da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Kowa da tasa fassarar, mai sauraro sai ruɗewa.

2/ Wadda aka fi ji ita ce "tafkin ƙarƙashin ƙasa". Ban yarda da ita ba. Mai jin haka zai ɗauka akwai wani kogo cike da ruwa, duk inda aka huda sai a same shi. Alhali ruwan yana maƙale ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse.

3/ Mu da ke zaune kan duwatsu mun fi kowa sanin haka. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, amma dutsen da ke ƙarƙashinmu ba ya shan ruwa, sai ruɓaɓɓen samansa da inda ya tsage. Shi ya sa burtsatsen gida ɗaya ke ba da ruwa, na maƙwabci kuwa ƙura kawai. A Maiduguri abin daban ne: yashi ne hawa uku a jere, har akwai burtsatsen da ruwa ke tasowa da kansa ba famfo.

4/ "Idon ruwa" da masu haƙar rijiya ke cewa na da daɗi, sai dai mafita yake nufi, ba ma'ajiya ba.

5/ Ni dai "rumbun ruwa" na zaɓa. Damina ke zubawa, rani a ɗiba, in ɗiba ta fi zubi a ga gindinsa. Manomin dankali a Bokkos ba ya buƙatar ƙarin bayani.

6/ Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ce ai rumbu gina shi ake yi, wannan kuwa halitta ce. Gaskiya ne, Baba, amma muna cewa "idon ruwa" ba wanda ya nemi girarsa.

7/ Ga yadda za ta zauna a labarai: "Shafe tsakar gida da siminti na hana rumbun ruwa cika, haƙa masai kusa da rijiya kuma na gurɓata shi." Recharge kuwa, wato shigar sabon ruwa cikinsa, sai mu ce "cikon rumbu". Masu aiki da rahotannin NIHSA, hukumar binciken ruwa ta Najeriya, ku gwada ta a jimlolinku ku faɗa mana inda ta ƙi shiga.