Tsohon icen tarugu: a bar shi ko a tuge?

Ɗan Kware: Jama'a, wai a Turai idan sanyi ya shigo sai su datse icen barkono su kai shi ɗaka, badi ya sake 'ya'ya, har ma ya fi sabon dashe. Ni fa ban yarda ba.

Hajiyar Mabera: Yarda, ɗana. Tarugu biyu gare ni cikin tsofaffin bokitan fenti, wannan daminarsu ta uku. In sun gama zuba sai in sare rassan, in bar kamar tsawon taƙi ɗaya, in rage musu ruwa. Ruwan farko na sauka sai toho ya ɓarke. Kafin masu reno su yi dashe, ni na fara jefa nawa a miya.

Baban Fadama: Hajiya, Allah shi ba ki haƙuri, bokiti biyu ba lambu ba ne. Turawa ƙanƙara suke gudu. Mu hunturunmu bai kashe tonka, lokacin ne ma noman rani ke kyau a fadamar Kwalkwalawa, nan Sakkwato. Bazara ce abokiyar gaba: Afrilu zafi ya haura digiri 40, fure ya bushe ya kakkaɓe tun bai ƙulla ba. Kuma tsohon ice gidan cuta ne. Na taɓa barin fangali huɗu, farin ƙuda, ƙwaron nan mai tsotson ganye, ya zauna musu, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, har ya shafi sabon renon da ke gefe. Da na tuge ɗaya, saiwar duk ƙululu.

Hajiyar Mabera: Ai nawa ƙarƙashin dogon yaro suke wuni, Alhaji.

Baban Fadama: To ni wa zai ɗauke min fangali ya kai inuwa?

Malama: Ku duka kuna da gaskiya, amma ba iri ɗaya kuke magana ba. Tarugu da ƙananan barkono sun fi jure shekaru, tattasai kuwa da wuya ya yi abin kirki karo na biyu. Icen da cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ta nannaɗe ganyensa ba ya warkewa, datsewa ba ta fitar da cutar.

Ɗan Kware: To ya fi sabo yawan 'ya'ya ko bai fi ba?

Hajiyar Mabera: Ya riga shi dai. Ɗayan bana 'ya'yansa sun ƙanƙance, sai na sake masa ƙasa da takin awaki tukuna mu gani.