Idon sawuna ya ƙi zama: tiyata ko in ci gaba da atisaye?

Ɗan Ƙwallo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 2 ke nan da na yi targaɗe a idon sawun dama, kuma tun daga lokacin sau 4 ƙafar ta sake gurɗewa, na ƙarshe ma a kan matakala kawai. Likita ya ce jijiyar gefen waje ta saki. Ko dai tiyatar Broström (a ɗinke jijiyar a matse ta), ko in yi wata 3 wajen likitan gashin ƙashi a gani. Na yi mako 6 ina tsayuwa da ƙafa ɗaya da jan roba. Ciwo ya tafi, amma duk takun da zan yi gabana faɗuwa yake. Akwai wanda tai chi (atisayen ƙasar Sin na motsa jiki a hankali) ko yoga ya taimaka masa?

Baban Yara: Sa ƙanƙara, ka ɗora ƙafar a kan matashi.

Ɗalibar Gashi: Baba, wannan maganin sabon targaɗe ne. Ɗan'uwa, a cikin jijiyar nan akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta tsaya. In sun ji rauni saƙon kan makara, kafin tsokokin gefen ƙwauri su riƙe, ƙafa ta riga ta karkace. Tai chi yana sa ka mai da nauyinka daga wannan ƙafa zuwa waccan a hankali, hankalinka na kan tafin sawu. Ka riƙa tsayuwar ido rufe, sannan a kan matashi.

Hajiya Mai Ɗinki: Ƙanena, kar ka yi sake kamar ni. An ɗau hoton ƙafata, aka ce babu karaya, aka haɗa ni da maganin ciwo na tafi gida. Wallahi ko kalma ɗaya ba a yi min ba a kan atisaye. Shekara 9 ina ɗaure ƙafa da bandeji. Ranar da na faɗi da jikata a hannu na zauna a ƙasa ina kuka, ba don zafin ba. Yanzu an ce gaɓar ta fara cinyewa, da safe sai na dafa bango kafin in taka.

Koci: Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ni yarana mako 4 suke yi a kan katako mai lilo su koma fili.

Ɗalibar Gashi: Su koma da me, Koci? Wata 3 zuwa 6 ake ba atisaye kafin a yi zancen wuƙa.

Koci: Yarinya, kafin ki shiga makaranta nake ɗaure ƙafafun 'yan wasa.

Baban Yara: Tai chi ɗin nan shi ne wanda ake yi kamar ana kamun sauro a mafarki? 😂

Ɗan Ƙwallo: Sannu Hajiya, jikina ya yi sanyi. To amma tsoron fa?

Hajiya Mai Ɗinki: Abin da ke min ciwo, me ya sa in hoto bai nuna karaya ba sai a sallame ka kamar lafiyarka ƙalau? Jijiya ai ba ta fitowa a wannan hoton.

Koci: Nan kam na yarda. Yarona ɗaya minti 5 bai yi a ɗakin likita ba, ko taɓa ƙafar ba a yi ba.