Ina son aiki da hukumar kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ta wace ƙofa zan shiga?

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 29, ina da digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma shekara uku ke nan ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, ɓangaren yara masu tamowa. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023 hankalina bai kwanta ba. Ranar da na ga hoton wata nas a can tana auna damtsen yaro da irin tef ɗin da ke aljihuna kullum, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani, sai na ji wannan ai aikina ne.

An ba ni labarin shirin JPO na ƙananan ƙwararru a UNRWA, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu. Wani ma ya tuntuɓe ni ta WhatsApp, wai zai samo mini gurbi in na biya kuɗin fom. Baba kuma ya ce ba da yawunsa ba zan je inda ake ruwan bama-bamai. Yaya shirin yake, kuma irina na iya samu?

Amsar wani yaya da ya yi aiki a Amman:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki tura wa mutumin nan ko sisi. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, ɗan damfara ne.

Batun JPO kuma, gara ki ji gaskiyarsa tun yanzu. Ba hukumar ce ke biyan albashin ba. Gwamnatoci ne irin su Jamus, Japan da Italiya ke ɗaukar nauyin guraben, galibi don 'yan ƙasarsu, su yi shekara biyu zuwa uku a matakin P-2, wato matakin farawa na ƙwararrun ma'aikatan Majalisar. Sharuɗɗan da aka saba gani su ne digiri na biyu, gogewar aƙalla shekara biyu, da shekarun haihuwa da yawanci ba su wuce 32 ba. Duk kin cika waɗannan, fasfo ne matsalar. Holan ta saba ware wasu gurabe don 'yan ƙasashe masu tasowa, amma akwai jerin ƙasashen da aka yarda su nema, kuma masu nema kamar ƙasa. Kafin ki ɓata dare kina cike fom, fara duba ko ƙasarki na cikin jerin.

Sannan ki san tsarin gidan da kike son shiga. An kafa UNRWA a Disambar 1949, ta fara aiki a Mayun 1950, kuma a wurare biyar kawai take aiki: Jodan, Lebanon, Siriya, Gaza da Gaɓar Yamma har da Gabashin Ƙudus. Mutum kusan miliyan 5.9 ne ke cikin rajistarta. Ma'aikatanta wajen 30,000 ne, kuma kusan dukkansu Falasɗinawan ne da kansu, malaman makaranta, likitoci, nas-nas, masu kwashe shara. Baƙi 'yan ƙalilan ne. Ranar da na fara shiga asibitin sansanin Baƙa'a, arewa da Amman, na tarar da wata ungozoma da aka haife ta a sansanin, tana riƙe da katin awon matar da ita ce ta karɓi haihuwarta shekaru ashirin da suka wuce. Me zan koya wa wannan baiwar Allah? Abin da ake nema wajen baƙo shi ne rubuta rahoto ga masu ba da tallafi, bibiyar alƙaluma, tsara kasafi, sayo magunguna. Kujera da kwamfuta ne mafi yawan aikin, ba ɗaukar yara a tanti ba.

Amsar wata anti:

'Yata, kada ki ga laifin mahaifinki. Ma'aikatan hukumar sama da 300 aka kashe a Gaza tun fara yaƙin, kowane uba zai ji tsoro. Amma ki zauna ki fahimtar da shi cewa ba a tura sabon shiga Gaza. Tun da dokar hana hukumar aiki a Isra'ila da majalisar ƙasar ta zartar a Oktoban 2024 ta fara aiki a ƙarshen Janairun 2025, ma'aikatan hukumar 'yan ƙasashen waje ma ba sa samun bizar shiga daga Isra'ila. In Allah Ya sa kin samu, Amman ko Beirut ya fi yiwuwa. Ki nemi albarkarsa tun kafin ki tura takarda, kada sai an kira ki.

Amsar wani ɗan'uwa:

Ni dai ina ganin ana kashe mata gwiwa. Ai akwai jarrabawar YPP ta ɗaukar matasan ƙwararru a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ruwanta da gwamnatin da za ta biya.

Yayan Amman ya dawo:

Haka ne malam, sai dai YPP ta sakatariyar Majalisar ce, ba ta kai mutum UNRWA, kuma ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a can ne ake buɗe wa kowace shekara. Wanda ya fi kusa da ƙanwarmu shi ne aikin sa kai na Majalisar, wato UNV, ko ta nemi gurbi kai tsaye a hukumar lafiya ta WHO, ta yara ta UNICEF ko ta abinci ta WFP, duk suna aiki da Falasɗinawa. Ta kuma sani aljihun UNRWA a matse yake. Ƙasashe da dama sun dakatar da tallafi a Janairun 2024, yawancinsu sun dawo, Amurka ba ta dawo ba.

Amsar wani malamin Larabci:

Larabcin Islamiyya zai taimake ki wajen karatu, amma a layin asibiti ba shi za ki ji ba. Uwa ba za ta ce miki "uridu" (ina so) ba, "biddi" za ta ce, "shu" kuma a madadin "maza" (mene ne). Ki samu mai koya miki harshen mutanen Sham ko sau biyu ne a mako.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na toshe lambar mutumin. Yaya, shekara ukun nan na Maiduguri, yaya zan rubuta su a takardar neman aiki?

Yayan Amman:

Da adadi, ƙanwata. Yara nawa kika duba a wata, nawa suka warke, ma'aikata nawa ke ƙarƙashinki, rahoton wa kike rubutawa. Rubuta shafi biyu ki ba shugabar gida ta miƙo mini, zan duba miki ranar Asabar in sha Allahu.