Gyare ya ɓuya a akwatin tautau, yau kwana uku

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina kiwon babban tautau mai gashi irin na ƙasar Chile, mace ce, yayana ya bar mini ita da aka mayar da shi Abuja. Ranar Talata na jefa mata gyare biyu, ko kallonsu ba ta yi ba. Na samu na cire ɗaya, ɗayan ya shige ƙarƙashin ɓawon itacen da take kwanciya. Da dare sai ya cika ɗaki da kuka, har Hajiya ta ce in fitar mata da wannan masifar daga gida (dama tun farko cewa take fitsarin tautau na sa ƙuraje). Sati biyar ke nan rabonta da abinci. In bar mata shi ne har yunwa ta sa ta kama shi?

Mai Tantabaru Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, cire shi yau ɗin nan. Duk abin da ya kwana ya wuni ba ta taɓa ba, fitar da shi. Sati biyar kuwa kada ya dame ka, wannan irin sukan yi watanni ba su ci ba, balle a hunturun Jos. Ka dai tabbatar akwai ruwa a ɗan murfinta.

Abin tsoron shi ne saɓa. Duba bayan cikinta: in wurin da gashi ya zube ya yi baƙi yana ƙyalli, ta kusa. Za ta shimfiɗa saƙa ta kwanta rigingine, ƙafafu sama, ka rantse ta mutu. A lokacin jikinta laushi ne kamar dafaffen ƙwai, ba ta iya kare kanta, gyare mai jin yunwa kuma cinta zai fara yi. Haka na rasa ƙaramar tawa bara, na yi tafiyar kwana biyu na dawo na tarar da aika-aika.

Kada ka birkita mata gida wajen nema. Saka kwalin tsakiyar tishu da ɗan yankin karas a ciki, ka kashe wuta. In ya shiga, toshe bakin biyu ka ɗauke.

Maman Ikram:
A ina ma kake samo gyaren? In daga gonakin lambu ne ka bari, feshin da ake yi wa kabeji da tumatir ya isa ya kashe ta. Ni tsutsa nake ba tawa, amma sai na murƙushe kan da hantsaki tukuna. In ba haka ba nutsewa take cikin ƙasa, bayan makonni ta fito maka buzuzu. Ragowar da ta ci ma a kwashe, tururuwa da fumfuna yake jawowa.

Direban Farin Gada:
Ikon Allah! Mu muna neman na masara, wasu na ciyar da tautau. Ina bayan Hajiya.

Ɗan Gangare:
Yallaɓai Mai Tantabaru, dabarar kwalin ta yi, kafin sallar isha ya shiga, na ba kajin Hajiya. Na haska ta da tocila, cikin ya yi baƙi ƙirin kamar yadda ka ce. In ta gama saɓar, yaushe zan ba ta abinci?

Mai Tantabaru Bukuru:
Ba ta aƙalla kwana 10. Fiƙoƙinta fari suke fitowa, su yi ja, sannan su koma baƙi. Sai sun yi baƙi za ka ba ta, gyare ɗaya tak, kana tsaye a wurin.